Kifin da Za Ka Kama

A kasuwar Rashid, wani dattijo mai fatsa ya tsaya gaban wata mai sayar da kifi.

"Hajiya, ba ni biyu, ki shafa musu taɓo."

"Taɓo kuma, Alhaji? Na kiwo ne fa."

"So nake maiɗakina ta ɗauka ni na kamo. Tun da aka share ciyayin bakin kogi aka malala siminti, ina 'ya'yan kifi za su fake? Ni kuwa ban saba komawa gida hannu rabbana ba."

Ta ƙyalƙyale da dariya.

"Ashe kai ne mai shuɗiyar hular! Tun safe matarka ta zo ta zaɓi waɗanda za ka kama. Ta ce a rage taɓon, wankewa na ba ta wahala."