Kada a Kashe Firizar Likita

Assalamu alaikum. Mai girma Darakta, malamanmu, likitoci abokan aiki, Hajiya mai ɗakin marigayi da yaranta, jama'ar unguwa, ina yi mana ta'aziyya baki ɗaya.

Ni baƙo ne a garin nan. Aiki ya kawo ni ɗakin gwaji na asibitin dabbobi, a nan furfura ta same ni, kuma marigayi Likita ne ya fara ba ni kujera da wuƙar fiɗa.

Ya kasance mai roƙon abu ɗaya: kan kare. Duk inda kare ya ciji mutum, kafin mu isa an farfasa karen da taɓare, an rataya masa taya, an cinna wuta. Shi kuwa sai ya kutsa cikin hayaƙi yana roƙon a bar masa kan, don a ƙwaƙwalwa ake gane ko mahaukaci ne. Yara suka sa masa Sarkin Karnuka. Ya ce ya karɓi sarautar, a dai riƙa zuwa gaisuwa da kai a buhu.

Ya kasance mai tambayar da ba a so. In an watsa nama mai guba, gari ya waye da mushe a bakin kowace kwata, sai ya ce karnuka nawa suka rage, nawa aka yi wa rigakafi? Yara nawa suka mutu a ɗaure da igiya, suna firgita da ganin ruwa, aka ce iska ce? Ba mu sani ba. Har yau ba mu sani ba.

Kun san yadda ya tafi. Kare ya yage wa wata yarinya kunci, jama'a suka rufe shi da jifa, Likita ya shiga tsakani, bulo ya same shi a ƙeya. Ni na tallabe shi, jini ya jiƙe mini riga har ƙirji. Ban zo zagin kowa ba. Uban da ya taɓa danne ɗansa yana kumfar baki, ba ka ce masa ya ajiye dutse. Amma kan karen ya ƙone ƙurmus, kuma ba mai iya gaya wa uwar yarinyar abin da ya shiga jikin 'yarta.

Ranka ya daɗe Darakta, a ɗakin baya akwai firiza. Ƙwaƙwalen da ya tsamo daga wuta shekara da shekaru suna ciki, ba a gama bincikensu ba. An ce mu kwashe mu ƙone, za a mai da ɗakin sito. Ka sha yi mana adalci, ban manta ba. Wannan kam ba da hannuna ba.

Hajiya, ke kika ce mini in aka ɗauke wuta, ko loma ce a bakinsa zai miƙe ya tafi tayar da janareta. Ki ƙara haƙuri, abin da ya raba ki da shi kenan tun yana raye. Nawa iyalin sun gaji da jirana a gida, amma ba inda za ni. Makullin ɗakin yana aljihuna. Mai son kashe firizar ya zo ya karɓa a gaban Hajiya.

Mun gode da zuwanku. Allah ya jiƙan Likita, ya sanyaya makwancinsa, ya raya yarinyar nan. Amin.