Zanen Ƙirji a Cikin Tasi

A cikin tasin da ya taso daga unguwar PK8, mayafin da Salwa ta lulluɓe hoton da ta zana da shi ya zame. Ƙirjin mutum ne a buɗe, zuciyar a kulle da kwaɗo. Dattijuwar da ke gefenta ta ƙanƙame jakarta.

"'Yata, rufe abin nan. A garin nan, duk wanda aka gani da sassan jiki, duka ake fara yi masa kafin tambaya."

"Fenti ne kawai, Inna. Kaina na zana, yadda nake ji a ciki."

"Wa ya buɗe miki kika gani?"

"Babu kowa."

Dattijuwar ta jawo mayafin da kanta, ta rufe hoton.

"Ni na gani. Haka aka tsinto ɗana a bakin teku. Sai dai shi ba su bar masa zuciyar ba."