Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Farina

'Yan'uwa, ina gaishe ku da sunan Yesu, wanda ya bar mini 'yata da rai. Sunana Saratu. Aikina fassara shirin kiwon lafiya a gidan rediyo, don haka zan faɗi abin da ya faru daki-daki. Amma ku sani, har yanzu raina a ɓace yake.

Tabita ce 'yar farina. Kun san al'adarmu: uwa ba ta kiran sunan 'yar fari, ba ta nuna damuwa da ita a gaban surukai. Haka na rayu. "Ke" nake ce mata, ko "yarinyar nan". In ta faɗi, sai in kau da kai wata ta ɗaga ta. Ana yabona da kunya, ni kuma ina jin daɗin yabon.

Da daminar bara muka je ƙauyen mijina a ƙasar Zangon Daura. Bayan gida akwai kududdufin da aka haƙa don yin tubali, ruwa ya cika shi. Da hantsi na ji ihu. Ko da na isa, an tsamo Tabita, leɓɓanta sun yi shuɗi, ba ta motsi.

Me na tarar ana yi? An mirgino turmi za a kifa ta a kai, wai a matse ruwan cikinta. Mata sun fara kuka. Wata har ta kwance mayafi za ta lulluɓe ta. Mutum cike da wurin, babu wanda ya duba ko tana numfashi!

Na san abin da ya kamata, don ni na sha karanta shi a rediyo. Wanda ya nutse iska yake buƙata, kuma nan take. Amma na tsaya, domin surukaina suna wurin.

Baba Ayuba, yayan mahaifin mijina, ya ce, "'Yar nan, koma cikin gida. Wannan ba wurin uwa ba ne."

A zuciyata na yi wa Ubangiji magana, kuma ba da ladabi ba. Na ce, "Kai ka ba ni ita. In ka tsaya kana kallo kamar waɗannan, ban san abin da zan kira ka ba. Motsa ƙafata!" Sai ƙafar ta motsa.

Na ture turmin, na kwantar da ita a bayanta. Na kwashe lakar da na gani a bakinta, na ɗan mayar da kanta baya, na ɗaga haɓarta. Babu numfashi. Na toshe hancinta, na rufe bakinta da nawa, na hura. Ƙirjin bai taso ba. Na gyara kan, na sake. Ya taso! Na hura sau biyar, sannan na shiga danna tsakiyar ƙirjinta, talatin, in hura biyu, in koma.

Baba ya kama hannuna. "Ke ba ki da kunya? Bar gawa ta huta!"

"Baba, sake ni! Ba gawa ba ce tukuna!"

Na fizge hannuna, na yi ihu a kunnenta, "Tabita! Tabita!" Kowa ya zuba mini ido, kamar na yi saɓo.

Ban san tsawon lokacin ba. Na dai ji ta shaƙe, ta yi tari, ta amayar da ruwa. Na juya ta kan gefenta. Malam Idi, maƙwabcin surukaina Musulmi, ya riga ya tayar da babur. "Hau, Maman Tabita, riƙe ta da kyau!" Bai tsaya ba sai asibiti a Daura. Yesu ya cece ta!

To ga abin da ke cin raina. Da muka dawo, kafin a tambayi jikin yarinya, an aiko in je in durƙusa, wai na ɗaga murya ga babba. Na je na gaishe shi, domin ubana ne. Amma ban ce na yi kuskure ba, kuma ba zan ce ba.

Na gode wa Ubangiji da ya kuɓutar da 'yata daga ruwa, ni kuma daga kunyar da ta kusa kashe ta. Ku dogara gare shi, 'yan'uwa, ku kuma koyi hura numfashin nan. Wasu a cikinku sun ce ba su ji na yi addu'a a bakin kududdufin ba. Gaskiya ne, ba ku ji ba. Bakina yana kan bakin 'yata. Shi wanda na yi wa, ya ji. Amin.