Idon Na'Allah Maɗinki

Na'Allah maɗinki na zaune a inuwar tsamiya bakin Ƙofar Dundaye, ya zuba wa daji ido, sai wani baƙo ya ɗaure dabbarsa can gefe, ya zo ya tsaya a kansa.

"Bawan Allah, kullum na shigo gari sai in iske ka nan kana kallon hanya. Ko leƙen asiri kaka yi wa abokan gaba?"

"Subhanallahi! Ɗinki nika yi. Maigidana ya jibga mini riguna, kowa na son tashi kafin Salla. In kaina ya ɗau zafi, sai in fito in kalli nesa, in sha iska." Na'Allah ya ƙanƙance ido. "Kai ko, mi ya kawo tambaya? Shi ya aiko ka, ko?"

"Ban ma san shi ba."

"Haka za ka ce. Tun da aka kai mishi tsegumi wai allura ta cinye mini ido yake neman ba wani aikina. To, koma ka gaya mishi idona garau yake. Ga jakinka can, har igiyar wuyansa ina gani."

Baƙon ya waiwaya, sannan ya sassauta murya.

"Malam, maraƙi ne."