Zogalen Malam da Man Zaitun

A tashar Bukkuyum ne, shekarar da na fita takabar maigidana. Muna jiran motar Gummi, wata Bafillatana mai tallar man shanu ta zauna kusa da wata tsohuwa mai rungume da kwano.

"Inna, mi kinka zuba cikin zogalen ga? Ƙamshin nan ba na man shanu ba na."

"Man zaitun na, ɗiyata."

"Na Makka? Ai wanga shafawa akai, ba a ci. Da kin sayi nawa, da kin ji miya."

"Likita ya hana mai naku. Malam, maigidana, na kwance asibitin Gummi, tun Jumma'a bai sa komi baki ba. Zogale kaɗai yaka so. Na dafa shi da albasa har yay yi laushi, ko Allah ya sa shi ci."

"Shi yab ba ki man?"

Tsohuwar ta yi 'yar dariya. "Malam? Tun da yad dawo Hajji kwalbar na cikin akwatin littattafai. Ko ƙafata ta kumbura, sai ya ce a aje ma babbar lalura."

"To da kin ɗiga kaɗan, kin rage mai na gaba. In yat tashi ai faɗa za ki sha."

"Da ma in sha."

"Ba ki rage ba?"

"Jiya na ga idanunshi, ɗiyata. Na juye duka."

Da mota ta zo, Bafillatanar ta aje ƙwaryarta a ƙasa, ta riƙe wa tsohuwar kwanon har ta hau.