Godiyar Mai Gadin Iska

Mai girma shugaban taro, El Haji Birane Seck. Manyan baƙi daga kamfanin wuta. Iyayena maza da mata. Jama'ar Keur Sambel, assalamu alaikum. Sunana Yacine Thiam. In muryata ta yi rawa ku gafarce ni, ban saba magana a ƙasa ba, na fi sabawa da ihu daga saman ɗaki.

An ce in yi godiya, yau shekara biyu da kafa mana manyan fankokin nan masu ba da wuta. To, ga ta.

Da farko, mun gode da kuka ba mu wuta mai zuciya. A littattafan da nake karantawa akwai irin saurayin nan: yau ya zo da zafi har ya ƙona, gobe ya yi sanyi har a rasa ko yana nan. Ban zaci zan same shi a bangon ɗakinmu ba. Iska ta taso, ƙwan fitila ya yi fari fat. Iska ta kwanta, ya koma ja kamar garwashi. Injiniya Diatta ya bayyana mana cewa wayarmu doguwa ce siririya, mu ne a wutsiyarta, wutsiya kuwa ita ta fi kaɗawa. Ya ce akwai na'urar da ke daidaita ƙarfin wutar, tana hanya. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse. Muna ta dafawa, amma da gawayi.

Na biyu, mun gode da kuka samo mini sana'a. Da, in na zuba wa sama ido, mahaifiyata cewa take, "Ke Yacine, wane sakarai kike hange a gajimare?" Ranar da wuta ta yi yawa firizar maƙwabciyarmu Tata Codou ta ƙone da kifinta a ciki, sai unguwa ta gano amfanina. Aka ɗora ni saman ɗaki ina kallon fukafukan. Da sun soma gudu sai in kwarma, "A cire!" kowa ya zare wayar kayan wutarsa daga bango. Tata Codou har cewa take, "Wannan kam, wanda zai aure ta ya huta da kiwon kare."

Na uku, kuma a nan nake roƙon ku saurara. Na ci jarrabawa, na sami gurbi a makarantar gaba a birnin Thiès. Da na gaya wa mahaifiyata ta yi guɗa, ta rungume ni, sannan ta sake ni a hankali. Ta ce, "To wa zai hau sama? Ƙannenki ba sa iya zama wuri guda. Da ƙanƙarar zoɓon da muke sayarwa daga firizarmu muke ci, 'yata. Bari na'urar ta iso tukuna."

Ban ga laifinta ba. Ranar Litinin ake buɗe makaranta.

Allah ya albarkaci wannan taro. Allah ya mai da baƙinmu gida lafiya, su tarar da firizojinsu da sanyi. Allah ya nuna wa na'urar nan hanyar garinmu. In ta iso kafin Litinin, ku neme ni a aji. In ba ta iso ba, ba sai kun tambayi kowa ba, ku ɗaga kai kawai.

Na gode.