Hoton Kan Ƙanen Direba

A ɗakin jira na asibitin ƙwaƙwalwa, wata dattijuwa ta leƙa hoton da direban da ke gefenta ya ɗaga wa fitila.

"Malam, kan wane ne wannan?"

"Na ƙanena ne, Mama. Duka, fashe-fashe, ba ya jin tausayin kowa. Duk inda ya kama aiki sai an kore shi."

"Wannan ai rashin tarbiyya ne, me ya kawo hoto?"

"Ni ma haka na ɗauka. Amma likita ta ce a ƙwaƙwalwa akwai ɓangaren da ke tayar da fushi, akwai mai taka masa birki. Hanyar da ke haɗa su ce ba ƙarfi. Kafin saƙon tsayawa ya iso, hannu ya riga ya tashi."

"Au, wato ba shi da laifi ke nan?"

"Yana da shi mana, wanda ya mara ai ya ji zafi. Sai dai ta ce horon danne fushi yana ƙarfafa hanyar. Jiya wani ya zage shi, ya fita waje ya yi ta huci, bai taɓa kowa ba."

Dattijuwar ta murza bakin mayafinta.

"Likitar ba ta ce laifin uwa ba ne?"

"Ta ce dalilan suna da yawa, ba a ɗora wa mutum ɗaya."

"Ɗana yana ciki yanzu, shi ma halinsa ke nan. Ni kaɗai na raine shi."

"To, Mama, duk Laraba ake horon. Sai in riƙa ɗauko su tare."

"Su biyu a mota ɗaya? Allah ya ba ka haƙuri, ɗana," ta ce, tana dariya tana share ido.